Sharhi a kan garin Milo wajen haɗa madara mai ƙanƙara a gida

Duk wanda ya taɓa zuba garin Milo a cikin madarar da aka fito da ita daga firiji ya san abin da ke biyo baya: garin ya taso sama ya taru wuri guda, cokali ya yi ta kewaya shi, rabinsa ya dunƙule ya manne a jikin tambulan, madarar da ke ƙasa kuma ta zauna fara sol kamar ba a sa mata komai ba. Na shafe makonni ina gwada wannan gari a matsayin abin sha mai sanyi, ina sauya madara, ina sauya ƙanƙara, ina ƙara cokali ina ragewa, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne cewa gari ne da ya dace da wannan aiki ƙwarai, muddin an bi da shi ta hanyar da yake so. Yawancin tambulan marasa daɗi da na sha da farko laifina ne, domin na matsa wa sanyi ya yi aikin da zafi kaɗai ke iya yi.

Kafin a kai ga yadda ake haɗawa, yana da kyau mai saye ya san abin da ke cikin koren gwangwanin, saboda a nan ne dalilin halayensa yake. Manyan abubuwan da aka haɗa guda huɗu ne: malt, da madarar gari, da sukari, da garin koko wanda ake yin cakulan da shi, sannan a bi su da wasu sinadaran bitamin da ma'adanai. Malt ɗin ne ya bambanta shi da sauran garin cakulan. Sha'ir ake jiƙawa a ruwa har ya fara tsiro, a bar shi 'yan kwanaki, sa'an nan a busar da shi da zafi don tsiron ya tsaya. A cikin kwanakin nan ƙwayar takan samar da sinadaran da ke farfasa sitacinta su mai da shi wani nau'in sukari da ake kira maltos, wanda zaƙinsa bai kai rabin na farin sukari ba, zafin busarwar kuma shi ke ba shi ƙamshin nan mai kama da na gasasshen hatsi. Wannan ƙamshi shi ne abin da mutum ke biya wa kuɗi. Idan aka haɗa tambulan aka rasa shi, to an sha madara mai zaƙi ne kawai mai launin ƙasa.

Shi Milo ƙane ne a cikin danginsa. 'Yan'uwa biyu mutanen Ingila, James da William Horlick, su suka fara haɗa malt da busasshiyar madara a Amurka, suka sami takardar mallakar fasaharsu a 1883, wannan haɗi nasu shi ne garin Horlicks. A 1904 aka fito da Ovomaltine a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wanda da ya ƙetara zuwa Ingila a 1909 ya koma Ovaltine. Milo sai a 1934 ya fito, a Ostireliya, daga hannun wani masanin haɗa sinadarai na kamfanin Nestlé mai suna Thomas Mayne, a daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, yara da yawa ba sa samun isasshen abinci. An raɗa masa sunan Milo na garin Kuroton, wani ɗan kokawa na zamanin Girkawan dā da ya yi suna wajen ƙarfi. Abin lura a wannan tarihi shi ne dukansu an ƙirƙire su ne don gina jiki, kuma manyan yayyen biyu sun fi shahara da zafinsu a kofi. Milo ne daga cikinsu mutane suka ja shi zuwa ga sanyi har ya zauna daram a can.

Dalilin da ya sa yake ƙin narkewa a madara mai sanyi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Garin koko yana ɗauke da mai, man koko kuwa daskararre ne har sai zafi ya kai wajen digiri 34 a ma'aunin Salshiyas, wato kusa da ɗumin jikin mutum. A madarar da ta fito daga firiji, mai digiri 4 ko 5, man nan yana nan a daskare yana kore ruwa daga jikin kowace ƙwaya. Malt kuma akasin haka yake yi: yana saurin jan ruwa, sai bayan gudajin ya jiƙe ya yi danƙo, ya rufe busasshen garin da ke ciki, shi ya sa idan aka murƙushe gudaji da cokali sai a ga ƙura ta fito. Ko da zafi ma, shi kansa kokon ba ya narkewa kamar yadda sukari ke yi, yawo kawai yake yi a cikin ruwan, idan aka bar tambulan ya jima sai ya kwanta a ƙasa. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara ɓata lokaci yana kaɗa madara mai sanyi da fushi ba.

Hanyar da ta fi yi mini ita ce a fara kwaɓa garin tukuna. Ina auna babban cokali biyu cike da gari in zuba a tambulan busasshe, in kawo ruwan zafi kaɗan, kamar babban cokali biyu zuwa uku, wato kimanin mililita 40, in yi ta murzawa da bayan cokali har ya zama kwaɓi mai sheƙi, babu gudaji ko ɗaya. Ruwan da aka sauke daga wuta ya ɗan huce na minti biyu ya wadatar, ba sai yana tafarfasa ba. A wannan gaɓar ne ƙamshin malt ke tashi sosai, kuma a nan ne ya kamata a sa duk abin da ake so ya narke, ko sukari ne ko ɗan gishiri, domin bayan an zuba sanyi ƙofa ta rufe. Daga nan sai in tsiyaya madara mai sanyi kaɗan in motsa har kwaɓin ya saki, in ƙarasa zuba sauran har ta kai mililita 200, ƙanƙara kuma ita ce ta ƙarshe. Duka aikin bai kai minti uku ba, amma tazarar da ke tsakaninsa da zuba gari kai tsaye tana da faɗi: launi ya zama ɗaya daga sama har ƙasa, kurɓin farko da na ƙarshe su yi kusan daidai.

Kuskuren da ya fi wannan yawa, wanda ni ma na daɗe ina yi, shi ne a haɗa cikakken kofi da zafinsa kamar za a sha da safe, sannan a juye shi a kan ƙanƙara. Lissafin abin mai sauƙi ne, kuma yana da ban mamaki. Kowane giram na ƙanƙara yana shanye zafin da ya kai jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya narke. Don a sauko da kofi mai mililita 250 daga digiri 80 zuwa digiri 5, sai ƙanƙara ta kusan giram 220 ta narke a cikinsa, wato an kusa ninka abin shan da ruwa zalla. Ba mamaki ya fito tsararo, salam, kamar an ɗauraye gwangwani. Idan kuwa mililita 40 ne kaɗai mai zafi, sauran madara ce mai sanyi, ƙanƙarar da za ta narke don kashe zafin ba ta wuce giram 35 ba, wannan kuwa ba abin da harshe zai damu da shi ba ne. Manyan ƙanƙara sun fi ƙanana amfani a nan, saboda suna narkewa a hankali. Niƙaƙƙiyar ƙanƙara tana da kyan gani, tana sanyaya tambulan nan take, sai dai kafin minti biyar ta tsinka shi. Wanda ke son ya zauna yana kurɓa a hankali, abin da ya fi masa shi ne ya daskarar da madara, ko ma haɗaɗɗen Milo ɗin kansa, a mazubin ƙanƙara, ta yadda duk abin da ya narke daɗi zai ƙara. Na gwada wannan dabara sau da yawa, kuma ita ce gyaran da ya fi kowanne tasiri bayan kwaɓin farko.

Batun madara shi ne inda ra'ayoyi za su rabu. Da madarar ruwa mai cikakken maiƙo na sami tambulan da ya fi garɗi, domin maiƙon yana riƙe ɗanɗanon koko a harshe, yana kuma ba abin shan ɗan kauri da zai jure ƙanƙara. Madarar da aka cire wa mai tana fitowa da sauƙi a ciki, amma malt ɗin yakan fito tsirara, har ya ɗan yi kamar ruwan hatsi. Madarar gari ma tana yi, da sharaɗin a dama ta da ruwan ɗumi tun da wuri a sa a firiji ta yi sanyi, kada a haɗa garinta da na Milo a lokaci guda a ruwa mai sanyi, don gudajin zai ninku. Madarar gwangwani marar sukari, wadda aka ƙafe kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta, ita ce ta ba ni mamaki: cokali biyu nata a kan madarar ruwa suna kawo wani kauri mai santsi, kuma ɗan ƙamshin dahuwar da take da shi yana tafiya da na malt kamar an halicce su tare. Mai kaurin nan mai sukari kuwa, wadda fiye da rabin nauyinta sukari ne, ita ake yawan amfani da ita a shagunan shayi na Maleshiya da Singafo, inda ake dama garin da ruwan zafi da ita a juye a kan ƙanƙara. Daɗinta ba a magana, amma a ganina tana danne malt ɗin, sai mutum ya ji zaƙi ya riga komai isa.

Akwai wani abu game da sanyi da ya kamata mai haɗawa ya kiyaye, wato yana dushe zaƙi da ƙamshi. Tambulan da ya yi daidai a baki yana da ɗumi zai iya zama lami bayan an sa ƙanƙara, abin da hannu zai fara kaiwa gare shi kuwa shi ne sukari. Shawarata ita ce a ƙara garin maimakon sukarin, saboda garin yana zuwa da nasa zaƙin tare da koko da malt, shi kuwa sukari zaƙi kaɗai zai kawo. Sannan a sa gishiri ɗan mitsitsi, abin da yatsu biyu za su ɗauka, a cikin kwaɓin. Gishiri yana rage ɗacin koko yana fito da zaƙin da ke nan, kuma ba wanda zai ji shi idan ba a faɗa masa ba. Wanda yake ganin cakulan ɗin bai ishe shi ba, ya ƙara ƙaramin cokali ɗaya na tsantsar garin koko marar sukari a lokacin kwaɓi. Ni haka nake yi yanzu, domin a ɗanɗanona Milo ya fi karkata ga malt da madara fiye da cakulan, wannan ƙarin kuma yana ba shi duhu da ɗan nauyi ba tare da ya sauya masa kama ba.

Inda Milo ya tsere wa tsararsa shi ne a wannan hali nasa na ƙin narkewa, wanda aka juya ya zama kwalliya. A Maleshiya da Singafo akwai haɗin da ake kira Milo Dinosaur, wato tambulan mai ƙanƙara da aka tula wa busasshen gari a kai ba a motsa ba, idan aka ɗora ayiskirim kuma sai a kira shi Milo Godzilla. A Ostireliya ma cin garin da cokali daga saman madara mai sanyi tsohuwar al'ada ce. Na gwada tulin nan, kuma na yarda cewa shi ne rabin daɗin. Ƙwayoyin suna zama a kan ƙanƙara, na ƙasa su jiƙe su yi danƙo, na sama su tsaya ƙurus-ƙurus, sai cokali ɗaya ya kawo wa baki abu uku a tare. Ke nan garin yana aiki sau biyu a tambulan guda, narkakke a ƙasa don ɗanɗano, busasshe a sama don tauna. Sai dai a cika ƙanƙara har ta kai baki kafin a tula, in ba haka ba garin zai nutse, kuma a yi hankali da kurɓin farko, domin busasshen gari yana saurin sarƙe mutum idan ya ja numfashi a kansa.

Ya kamata a sani cewa Milo ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Kamfanin yana sauya haɗin gwargwadon ƙasar da ake sarrafa shi, wani ya fi tsaki-tsaki, wani ya fi laushi da saurin narkewa, wani ya fi zaƙi, akwai kuma na 'yan ledoji da aka riga aka haɗa da madara da sukari. Mai tsaki-tsakin shi ya fi dacewa da tulawa a sama. Na ledar kuwa an yi shi ne don ruwa kaɗai, idan aka zuba masa madara aka ƙara mai sukari sai zaƙin ya wuce misali.

Na haɗa Ovaltine da Horlicks ta wannan hanya don in kwatanta. Ovaltine ya fito da malt mai ƙarfi da ɗan ɗanɗanon gashi, cakulan ɗinsa bai kai na Milo fitowa ba, kuma zai fi burge wanda ba ya son zaƙi sosai, musamman da yake nau'in da ake yi a Suwizalan ba a zuba masa farin sukari. Horlicks na asali babu koko a cikinsa, saboda haka sai an kawo nasa daban, amma yana ba da kauri mai laushi. Na kuma gwada wani gari mai araha da ba zan ambaci sunansa ba, wanda ya narke nan da nan ko a ruwan sanyi, abin da ya sa na yi murna da farko, sai da na kurɓa na gane cewa saurin narkewar alamar sukari ce, don shi ne farko a jerin abubuwan da aka rubuta a bayan gwangwanin. Jerin nan ana rubuta shi ne daga abin da ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, don haka karanta layinsa na farko kafin saye yana gaya wa mutum fiye da abin da hoton gaba zai gaya masa.

Maganar sukari ba ta tsallake Milo ba, kuma sharhin da ya ɓoye ta bai yi wa mai karatu adalci ba. A nau'in Ostireliya, sukari iri-iri, har da na madara da na malt, ya haura kashi 40 cikin 100 na nauyin garin. A can ne aka yi ta muhawara a kan tauraro huɗu da rabi cikin biyar na makin lafiyar abinci da ke jikin gwangwanin a lokacin, domin an ba da makin ne bisa ƙaramin cokali uku na gari a cikin madarar da aka cire wa mai, alhali garin shi kaɗai tauraro ɗaya da rabi zai samu, har a 2018 kamfanin ya cire alamar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a rana, kuma ya fi kyau a sauko zuwa kashi 5, wato kimanin giram 25, ƙaramin cokali shida ke nan. Tambulan da aka sa wa babban cokali biyu a ƙasa, aka tula ɗaya a sama, aka bi da madara mai sukari, zai iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Ni dai ina ɗaukarsa abin marmari, kuma a ranakun da na tula gari a sama ba na sa wani zaƙi a ƙasa. Masu ciwon sukari su yi lissafinsa, waɗanda jikinsu ba ya karɓar gulutin, wato wani sinadari da ke cikin alkama da danginta, su guji garin tun da sha'ir yana ɗauke da shi, waɗanda madara ke ɓata wa ciki kuma su tuna cewa garin kansa akwai madara a ciki ko da an dama shi da ruwa.

Game da kayan aiki, cokali da tambulan sun isa. Wanda ke son kumfa ya zuba kwaɓin da madarar da ƙanƙara biyu a kwalba mai murfi ya girgiza na daƙiƙa ashirin, zai sami kumfa mai laushi wadda ke riƙe garin sama fiye da ƙanƙara. Injin markaɗe yana mai da shi kamar daskararren abin sha mai kauri, amma ƙanƙarar da ya niƙe takan narke da wuri, saboda haka sai an ƙara gari, kuma wanke injin ya fi haɗa abin shan cin lokaci.

Shi gwangwanin yana buƙatar kula fiye da yadda ake zato, domin malt mai jan danshi ne. Cokali mai laima sau ɗaya, ko murfin da ba a danne da kyau ba, ya isa ya mai da garin dutse cikin 'yan kwanaki, kuma ajiye shi a firiji ba ya taimakawa, saboda duk lokacin da aka fito da shi raɓa takan sauka a ciki. Wuri busasshe nesa da tururin girki shi ne mazauninsa. Ana iya yin kwaɓin da yawa a ajiye a firiji a kwalba mai murfi don amfanin kwana ɗaya ko biyu, amma tambulan da aka riga aka haɗa da madara kada ya wuce awa biyu a waje. A gaskiya ma ba ya buƙatar kaiwa haka, domin bayan minti goma koko ya fara kwanciya, ƙanƙara ta fara sakin ruwa, tulin sama kuma ya jiƙe ya daina ƙara a haƙori, shi ya sa nake barin dogon cokali a cikin tambulan ina motsa ƙasan tsakanin kurɓi da kurɓi.